Jagora Ga Mai Son Zama Mai Tsara Sutura A Fim Ɗin Hausa

A cikin jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim ɗin Hausa akwai layin da ake rubuta "Sutura", yawanci kusa da "Kwalliya" da "Ci gaban shiri", kuma ba kasafai mai kallo yake tsayawa ya karanta sunan da ke gabansa ba. Amma mai wannan suna shi ne ya yanke shawarar cewa attajirin labarin zai fito da gezna mai aiki har ciki, yaron gidansa kuma da koɗaɗɗiyar 'yar shara, ta yadda tun kafin ɗayansu ya buɗe baki mai kallo ya riga ya san wane ne mai gida, wane ne bara. Aikin mai sutura ke nan: ya sa tufafi su faɗi gaskiya game da mutumin da ke cikin labarin, ko da gaskiyar ba ta yi wa jarumin kyau ba.

An daɗe ana sakaci da wannan fanni a masana'antarmu. Abin da aka saba shi ne jarumi ya zo lokeshin, wato wurin ɗauka, da akwatinsa, a buɗe a zaɓi wanda ya fi sheƙi, shi ya sa ake ganin 'yar tallar ƙauye da leshi mai duwatsu, ko matar da aka ce tana takaba da ɗaurin ɗankwali irin na gidan biki. Tun da finafinai masu dogon zango suka kama kasuwa a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, wannan dabara ta daina ɓullewa, domin labarin da zai yi zango da yawa da mutane masu yawa ba ya yiwuwa sai da wanda ya riƙe lissafin kayan kowa. Ga matakan da mai sha'awar sana'ar, mace ko namiji, zai bi.

Da farko, a zauna gaban keke

Ba dole ba ne mai tsara sutura ya zama gwanin tela, amma wanda bai taɓa yanka yadi ba teloli za su yi ta juya shi yadda suka ga dama. Ya kamata ya zauna a shagon ɗinki har ya iya awo, ya iya yanka kaftani da wando da riga da siket, ya iya rage faɗi da ƙara tsayi da sauya zif cikin gaggawa. Ya san cewa atamfa yadi shida ake sayar da ita, kaftani da wando na babban mutum sukan ci yadi huɗu zuwa biyar, cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa kusan yadi goma. Ya kuma koyi halin kowane yadi da hannunsa: wanne ne yake zuba idan an wanke, wanne ne yake tsukewa, wanne ne yake yamutsewa da zarar an zauna, wanne ne dutsen guga yake ƙonawa.

Sanin abin da kowace sutura take faɗa

Nan ne ya kamata mai koyo ya fi daɗewa, domin nan ne ake bambanta mai sutura da mai ɗaukar jaka. Tufafin Bahaushe suna bayyana matsayi da shekaru da sana'a da gari, har da ra'ayi, kuma masu kallonmu sun san wannan ko da ba za su iya bayyana shi da baki ba.

A ɗauki fada misali. Naɗin rawanin sarki daban yake da na hakimi, na hakimi daban da na malamin zaure, kuma a Kano rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, saboda haka ɗora shi a kan fatake ko dagacin da ba shi da alaƙa da gidan kuskure ne da duk wanda ya taɓa kallon hawan salla zai gane. Harsa fara ce, ɗan Kura baƙi ne mai ƙyalli da aka rina da shuni aka buga, kuma kowanne da inda ya fi dacewa. Alkyabba ba rigar yawo ba ce. Dogarai an san su da ja da kore. Takalmin gashin jimina ba na kowa ba ne. Babbar riga kanta hawa-hawa ce: akwai aska biyu, akwai aska takwas, akwai ta saƙi, akwai ta tsamiya, kuma aikin hannu na da ya sha bamban da surfanin keke na yau. Wanda zai yi fim ɗin sarauta bai iya naɗin rawani ba, ya ɗauko wanda ya iya daga cikin bayin sarki ko fadawa, ya biya shi, domin rawanin da aka naɗa da ka yana zamewa tun kafin a gama fitowa ɗaya.

Hula ma haka take. Zanna bukar da damanga da kube da haɓar kada da dara kowace da irin kan da ta saba zama, kuma yadda aka karya ta ko aka tura ta gaban goshi yana nuna ko mutum dattijo ne ko ɗan gaye. Akwai kuma wata tsantseni da ta shafi zamaninmu: a Kano jar hula ta zama alamar tafiyar Kwankwasiyya, don haka duk wanda ya sa wa mugun ɗan siyasar labarinsa jar dara, ya sani cewa masu kallo za su fassara ta, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

A ɓangaren mata, girman mayafi kaɗai yana raba budurwa da matar aure da dattijuwa. Lafaya ta fi alaƙa da matan Barno, ko da yake yanzu amaren Kano da Kaduna sun karɓe ta. Hijabi, wanda yau ya zama ruwan dare, bai yaɗu a ƙasar Hausa ba sai daga shekarun 1980 zuwa gaba, saboda haka labarin da ya faru a zamanin Sardauna matansa zane da kallabi da gyauto da mayafi za su sa. Haka kuma ɗan dokan En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ba shi ne ɗan sandan yau ba, kakinsu da hularsu ba ɗaya ba ne.

Irin wannan sani ba a zaune ake samunsa ba. A je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, a je Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna a dubi tsofaffin hotuna, a zauna da marina a karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, a ga mabuga suna aiki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma bayaninsa yana da amfani ga mai shirya labarin ƙarni na 19. Amma babu ma'adanar da ta kai adakar tsohuwa da hotunan bikin iyaye da ke ajiye a gidaje.

Karanta labari da biro a hannu

Idan aiki ya samu, abu na farko shi ne a karɓi rubutaccen labarin gaba ɗaya, ba fitowar da za a ɗauka gobe kawai ba. Karatun farko na jin daɗin labari ne da fahimtar mutanensa. A karatu na biyu ne ake ɗaukar littafi a ware wa kowane mutum shafinsa, a rubuta shekarunsa da sana'arsa da ƙarfin aljihunsa, da yadda rayuwarsa take sauyawa daga farko zuwa ƙarshe.

Daga nan sai a ƙirga ranakun cikin labarin, waɗanda ba su da alaƙa da ranakun ɗauka. Idan fitowa ta 4 da ta 9 da ta 15 duk a yini guda suka faru cikin labari, to kaya ɗaya jarumin zai sa a cikinsu, ko da an ɗauki ɗaya a Kano ranar Litinin, ɗaya kuma a Jos bayan mako uku. Sai a zana jadawali, a gefe ɗaya lambar fitowa, a sama sunayen mutane, a cikin kowane gida a rubuta lambar kayan da za a sa. A ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk inda za a yi faɗa, ko ruwa zai jiƙa mutum, ko jini zai zuba, ko a yaga riga, domin waɗannan wurare suna buƙatar kaya iri ɗaya sak guda biyu ko uku. Darakta ba ya gamsuwa da ɗauka ɗaya, kuma rigar da aka riga aka ɓata ba ta komawa sabuwa kafin rana ta faɗi.

A nan ne kuma ake yanke adadin kayan kowa. Talaka a rayuwa yana maimaita riga, saboda haka ya maimaita ta a fim. Magidancin da labari ya ce ya kasa biyan kuɗin haya, amma ya fito da shadda sabuwa a kowace fitowa, ya ƙaryata marubucin labarin.

Zama da darakta da masu na'ura

Kafin a sayi ko da maɓalli, a kai wa darakta tsari a takarda: zane idan an iya, ko hotuna, tare da ƙyallen kowane yadi a manne. A amince kan launin kowane mutum, musamman waɗanda suke yawan fitowa tare, don kada kishiyoyi biyu su zo da atamfa mai kama da juna alhali labarin yana so a ga bambancinsu. A tambayi mai tsara ɗaki launin bango da kujeru da labule, domin jaruma mai jan leshi a kan jar kujera ɓacewa take yi.

Mai ɗaukar hoto yana da nasa sharuɗɗa. Fari tas yana ƙonewa a kyamara, musamman a tsakar rana, har aikin wuyan rigar ya ɓace, fuskar mai ita kuma ta yi duhu. Maganinsa shi ne a zaɓi ruwan madara ko a ɗan kashe hasken farin da ruwan shayi. Yadi mai siraran layuka ko ƙananan gidajen dara yana sa hoto ya riƙa rawa. Idan za a ɗauki wata fitowa a gaban koren kyalle don a sauya bayan da kwamfuta, ba a sa wa kowa kore. Mai ɗaukar sauti kuwa babban abokin gabansa sabuwar shadda mai sitati, domin ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a ƙirji tana kwashe ƙarar yadin duk lokacin da jarumi ya motsa, haka ma awarwaro da sarƙa mai lilo. A gwada kayan a gaban kyamarar da za a yi aikin da ita, da fitilun da za a kunna, tun ana da lokacin sauyawa.

Kasafi da shiga kasuwa

A raba kayan gida huɗu: waɗanda za a ɗinka, waɗanda za a saya, waɗanda za a yi haya ko aro, da waɗanda jarumi zai kawo daga gida bayan an gani an amince. A rubuta kuɗin kowanne, a haɗa da kuɗin wanki da guga da mota da gyaran gaggawa, waɗanda su ne aka fi mantawa, sannan a bar wani abu a gefe saboda sauyin ra'ayin darakta.

A Kano, yadi da shadda da atamfa da leshi sai Kantin Kwari. Kayan gargajiya, huluna, takalman fata, layu da guru da kambun mafarauta sai kasuwar Kurmi. Gwanjo kuwa Ƙofar Wambai. Kuɗi ya fi dacewa a zuba su inda kyamara za ta matso, wato wuyan riga da hula da mayafin manyan jarumai. Mutanen da za su cika taro daga nesa ba sa buƙatar aikin hannu. A karɓi rasit na komai, kuma a ba tela lokaci da ranar karɓa wadda ta riga ranar gaskiya da kwanaki, musamman idan aikin ya faɗo gab da salla, lokacin da alkawarin tela ba ya da mariƙi.

Awo, gwaji, da tsufar da kaya

A auna kowane jarumi da kansa, kada a dogara da awon da ya turo a waya: tsayin riga, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, tsayin wando, zagayen kai, lambar takalmi. Mace ce ya kamata ta auna mata, kuma duk mai sutura namiji yana buƙatar abokiyar aiki saboda wannan da kuma shiryawa a lokeshin. Ranar gwaji jarumi ya zauna, ya durƙusa, ya ɗaga hannu, ya hau babur idan labarin ya ce zai hau, sannan a ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe.

A nan ake samun ja-in-ja. Jarumi ko jaruma mai suna ba ta son masoyanta su gan ta a koɗe, kuma za ta kawo dalilai. Ba a cin wannan gardama da faɗa. Ana cinta ne da nuna mata hoton gwaji, da bayanin yadda talaucin farkon labari zai ƙara wa fitowarta ta ƙarshe armashi, da kuma tabbatar da cewa darakta ya riga ya sa hannu a tsarin.

Tsufar da kaya fasaha ce mai zaman kanta, kuma yaga riga da reza a shafa mata toka ba shi ne ba. Tufafi suna tsufa ne a inda jiki yake goga su. A wanke rigar sau da yawa da sabulu mai ƙarfi, a shanya ta a rana har kafaɗu su koɗe, a jiƙa ta a ruwan shayi mai kauri, a bi wuya da gwiwar hannu da bakin aljihu da samfefa a hankali, a shafa jar ƙasa a ƙasan wando, a sa ɗan maiƙo a bakin hula inda gumi yake zama. Rigar makaniki baƙin mai take buƙata a cinya da ƙirji inda yake goge hannu, ta mahauci kuwa wani tabo ne daban. Facin da aka yi da zare mai wani launi ya fi ɓula goma faɗin talauci. Wani lokaci hanya mafi sauƙi ita ce a ba manomi sabuwar riga a karɓi tsohuwarsa, a wanke ta sosai kafin a ba jarumi.

A lokeshin

Mai sutura yana cikin masu fara isa da masu ƙarshen tashi. Tun daren jiya ya karɓi jerin fitowar gobe, ya goge kayan, ya sa na kowa a leda ko maratayi da takarda mai sunan mutumin labari da lambar fitowa. Jakarsa ba ta rabuwa da allura da zare kala-kala, almakashi, fil, tef ɗin awo, buroshi, hoda ko alli don ɓoye tabo a farin yadi, da dutsen guga na gawayi, domin a ƙauye ba a dogara da lantarki.

Da zarar an shirya jarumi, a ɗauki hotonsa da waya, a sake ɗauka bayan an gama fitowar, a rubuta abin da hoto ba zai nuna da kyau ba: maɓalli nawa ne a buɗe, agogo a wane hannu, gyale a wace kafaɗa, hula ta karkata ina, hannun babbar riga an naɗe shi ko an sake. A riƙa daidaita wannan da mai kula da ci gaban shiri, wato mai lura da kada wani abu ya saɓa daga fitowa zuwa fitowa. Kuskuren da masu kallo suka fi kamawa su yi ta yaɗawa shi ne mutum ya fita daga ɗaki da shuɗiyar hula ya iso tsakar gida da fara, kuma duk irin wannan daga rashin rubutu yake tasowa. Kada a yarda jarumi ya tafi gida da kayan fim, ko ya ci abinci da su ba tare da ya yafa wani zane ba, domin ɗigon manja ɗaya ya isa ya tsayar da aikin mutum talatin.

Abin da hukuma take dubawa

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba shigar 'yan wasa, kuma fitowar da aka ga kayanta sun matse ko sun bayyana jiki tana iya jawo a ce a yanke ta, asarar kuma a kan furodusa za ta faɗa, daga nan ta gangaro kan mai sutura. Idan labari yana buƙatar nuna mace marar kamun kai, ana iya yin hakan da launi mai ihu da ɗaurin ɗankwali da ƙanƙantar gyale da yawan ƙyalli ba tare da an tsallake iyaka ba. Kakin soja da na 'yan sanda da na sauran jami'an tsaro kuwa ba a sa shi sai furodusa ya nemi izini a rubuce, kuma ba a yawo da shi a wajen wurin ɗauka.

Hanyar shiga da zama cikin sana'ar

Mafi yawan masu wannan aiki ta hanyar bin wani suka shigo: a fara da guga da ɗaukar jaka da rubuta lambobi, a kai ga riƙe kayan 'yan cika taro, sannan a ba mutum ƙaramin fim shi kaɗai. Wanda yake da halin karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai kuma cibiyar koyar da fim ta ƙasa a Jos. Yin rajista da ƙungiyar masu shirya fim, irin su MOPPAN, yana sauƙaƙa samun aiki da neman haƙƙi. Tun daga aikin farko a riƙa tara hotuna, zanen tsari a gefe ɗaya da yadda ya fito a fim a ɗaya gefen, domin wannan ne furodusa zai nema ya gani.

A duniya sana'a ce mai daraja. Tun 1949 ake ba da kyautar Oscar a fanninta, Edith Head ta Amurka ta ci sau takwas, Ruth Carter kuma ta ci a 2019 da aikin da ta gina a kan binciken suturar al'ummomin Afirka irin su Masai da Buzaye da mutanen Lesoto. A nan gida gasannin finafinan Afirka na AMAA da AMVCA duk suna da rukunin sutura, kuma a ganina abin da ya rage wa finafinan Hausa su riƙa yin fice a wannan rukuni ba ƙarancin kayan ado ba ne, ƙarancin bincike da kasafi ne.

Game da kuɗi, kada a fara aiki sai an rubuta yarjejeniya: nawa ne ladan mai sutura daban da kuɗin sayen kaya, nawa za a ba da kafin alƙalami, wa zai biya idan kayan haya suka lalace, kuma wa zai mallaki kayan bayan an gama. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda masu farawa suke zato, domin aikin fim yana zuwa yana ɗaukewa, kuma abin da yake riƙe mai sutura a lokacin da babu ɗauka shi ne ɗakin ajiyarsa: rawuna da alkyabbu da kayan dogarai da na mafarauta da na Fulani da yake ba da haya ga wasu finafinai, da masu waƙa, da makarantu ranar bikin al'ada. A wanke kowane kaya kafin a ajiye, a ba shi lamba a littafi, a sa kafur saboda asu, a ɗaga akwatuna daga ƙasa saboda damina da gara, kayan aro kuma a mayar wa masu su a goge a ranar da aka yi alkawari.